Yadda Aka Kayar da Mai Albasa Jarrabawa

Bayan na bar karanta labarai a gidan rediyo, wata makarantar koyon aikin lafiya ta ɗauke ni tafinta na wata uku a Onitsha. Ɗalibanta suna koyon yadda ake mayar da mara lafiya kan harkokinsa na yau da kullum: cin abinci, wanka, sa kaya, komawa sana'a. A shekarar ƙarshe akan tura su wurin marasa lafiya su gwada abin da suka karanta. Waɗanda aka tura cikin Hausawa ba sa jin Hausa, shi ya sa aka neme ni.

Aka haɗa ni da wata ɗaliba 'yar Enugu, mai kiyaye lokaci. Tana ɗauke da takardar tambayoyi mai shafi huɗu, wadda da gani an tsara ta ne a wata ƙasa mai sanyi. Takardar tana son sanin ko mara lafiya yana iya yanka nama da wuƙa da cokali mai yatsu, ko yana shiga bahon wanka, ko yana ɗaure igiyar takalmi. Wanda aka tura mu wurinsa wani dattijo ne mai sayar da albasa a kasuwar Head Bridge, wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye wata biyu kafin nan. Silifas yake sawa tun ba a haifi ɗalibar ba.

Muka same shi zaune a rumfarsa, ya lulluɓe hannun dama da babbar riga. Gaisuwa kaɗai ta ci minti goma, takardar kuwa ba ta da gurbin gaisuwa.

Ɗalibar ta ce in tambaye shi ko yana cin abinci da kansa.

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Wanka fa? "Mun gode wa Allah." Banɗaki? Ya dubi titi, ya ce, "Da sauƙi ƙwarai."

A rediyo an horar da ni kada in ƙara, kada in rage. Ya ce da sauƙi, na ce ya ce da sauƙi. Na san dattijo irinsa ba zai gaya wa sa'ar jikarsa, a tsakiyar kasuwa, cewa wani ne ke riƙe masa buta ba. Amma ba a tambaye ni ba. Ya cinye makin takardar kaf, har da na bahon wanka.

Ƙa'idar makarantar ita ce duk wanda ya ci makin duka a sallame shi, a daina zuwa duba shi. Malamar ɗaliban ta karanta sakamakon sau biyu, ta cire tabarau, ta ce ashe dattijon ya fi ta lafiya. Ta tambayi ɗalibar, "Kin ga ya yi, ko kin ji ya ce?" Ta ba mu zuwa Juma'a. In ba mu kawo wani abu daban ba, za ta sa hannu a sallame shi.

Ranar Talata muka koma daidai lokacin da 'yan layin rumfarsa suke zagaye da kwanon abinci ɗaya. Dattijo ya ce azumi yake. Laraba ma haka.

Maƙwabcinsa mai barkono ya ɗago daga kwano ya ce, "Alhaji, na Litinin da Alhamis muka sani. Wannan na Talata da Laraba a wane littafi ka gani?"

"Kai dai ci, tunda abin da ya kawo ka Kudu ke nan."

Da ya raka mu wurin 'yan okada, wato 'yan acaɓa, mai barkono ya ce mini tun da ciwon ya same shi Alhaji bai sake sa hannu a kwano da su ba. Bayan buhuna yake komawa ya ci da hagu, don kada a gani. Tunda an faɗa a gabana, na fassara wannan ma.

Ranar Alhamis ɗalibar ta naɗe takardarta ta sa a jaka, ta zauna kan buhu. Ta ce in gaya wa Baba uwarta kullum tana sayen albasa mai ruɓewa, ya koya mata yadda ake gane mai kyau. Nan take ya gyara zama. Ya ce ba a duba ɓawo, wuya ake dannawa da babban yatsa. Yana cikin bayani hannun dama ya fito daga riga bisa sabo, ya kai kan albasa. Yatsun suka ƙi rufewa. Albasar ta gangara ta faɗa kwata.

'Yan layin suka kau da kai. Har mai barkono ya koma kan barkononsa.

Ɗalibar ta ɗauko wata ƙarama ta ajiye a gabansa. "Baba, try again."

Wannan ban fassara ba, ya ji cewa ya sake gwadawa take nufi. A karo na uku ya ɗaga ta kamar taƙi ɗaya kafin ta suɓuce. Ɗalibar ta yi rubutu mai tsawo a bayan takardar, inda babu layi.

Ranar Juma'a malamar ta soke sallamar, ta rubuta a riƙa zuwa wurinsa sau uku a mako. Ni aka aika in kai labari.

Ya ce, "Wato na faɗi?"

"Ka faɗi, Alhaji."

"Yarinyar nan duk abin da ta tambaya sai da na amsa mata!"

Na ce haka ne. Ya daɗe yana duban hannun a kan cinyarsa, sannan ya ce, "To, gaya mata ta riƙa zuwa da sassafe, kafin wannan mai barkonon ya buɗe rumfa."