Kanta a Idon Sawun Yayana

Ina ɗaura wa wata mata buhun shinkafa a bayan mashin, a ƙofar shagona da ke unguwar Guéma a Parakou, sai telefon ya yi ƙara. Matar yayana ce daga Djougou. Ta ce, "Baban yara ya faɗi a garaji. Ya cika." Na ce Inna lillahi, na ƙarasa ɗaurin igiyar, don hannuna bai san abin da zai yi ba sai wannan.

A cikin motar zuwa Djougou, kuka bai zo ba. Tsoro ne ya zo. Yayana makanikin manyan motoci ne, waɗanda muke ce wa kamiyo, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu ya daina zuwa masallaci. Bai taɓa zagin addini ba. Hujja yake nema, kuma bai ɓoye wa kowa ba. Ina tsoron wani ya miƙe a gaban liman ya ce ba za a sallaci wannan gawa ba.

Duk Sallah in ya zo Parakou sai mun yi gardama. Yakan ce, "Ƙanena, in yaro ya ce min kamiyo ya gyaru, ba na yarda sai na tada inji na ji da kunnena. Kai kuma so kake in yarda don Baba ya faɗa."

Na ce, "Iska fa, Yaya? Ka taɓa ganinta?"

Ya ce, "Iska ai ina auna ta a taya, malam sarkin wa'azi."

A zuwansa na ƙarshe na gaji, na ce, "To wace hujja ce za ta ishe ka?" Ya ce, "Tambayar ta yi kyau. Bari in yi tunani, in na dawo zan gaya maka."

Da na isa Djougou, wani dattijo ɗan ƙauyen Bariénou ne zai yi masa wanka, ni kuma na riƙe buta ina zuba ruwa. Da muka zo ƙafafu, dattijon ya tsaya. A idon sawun hagu akwai baƙar kanta mai kauri, irin wadda zaman tahiya ke bari. Ta dama ba komai. Ya shafa wurin da yatsa, ya ce a hankali, "Wannan ƙafa ta san tabarma."

Mai wanka ba ya faɗin aibin da ya gani, amma yana iya faɗin alheri. Da muka fito ya faɗa wa liman a gaban jama'a. Ba wanda ya miƙe ya hana. Aka yi sahu, aka sallace shi. A nan ne hawaye suka zo.

Na san abin da Yaya zai ce da yana nan. Zai ce makaniki ma yana naɗe ƙafa a gindin mota, kanta ba hujja ba ce. Wataƙila da gaskiyarsa. Matarsa ta ce yakan rufe ɗakin kayan aiki da asuba, ba ta taɓa leƙawa ba. Ban matsa mata ba. Ni abin da na gani ya ishe ni in yi masa addu'a da kwanciyar rai.

Amsar da ya ce zai kawo min Parakou dai, bai kawo ba.