Karan Geza da Muka Mayar

Har gobe ban manta da wata ranar Talata a watan Disamba ba, shekarata ta biyu a ƙaramin ɗakin gwajinmu na Bagudo. Ku da kuka zo kwanan nan kun tarar muna aiki da buntun shinkafa, kuna ta mitar wahalarsa. To, ku ji mafarin.

A lokacin karan dawa muke niƙawa, mu dafa, mu tace ruwan, mu zuba masa wani irin yis. Yis ɗin ya sha zaƙin, ya yi ƙiba, bayan kwana biyar mu matse mai daga jikinsa. Ni ce jami'ar tattaro kaya, kuma kaina na rawa. Na je ƙauyen Geza na kwashe karan gonaki shida, mota biyu, ina jin na burge.

Muna saukewa a ɗakin gwaji sai ga wani tsohon makiyayi, Baffa Jauro, ya tako tun daga Geza. Bai yi faɗa ba. Ya gaishe ni, ya dafa tulin karan.

"Ɗiyata, mi za ku yi da wanga?"

Na ce shara ce, mai za mu fitar.

Ya ce tun zamanin mahaifinsa, in an gama girbi shanunsu ke shiga gonakin nan su ci kara, su bar wa manomi taki. "Bakwai suka rage mani, biyu na da ciki. In babu kara, sai in tsallaka da su Benin, kuma ƙafata ba ta iyawa."

Wallahi kunya ta rufe ni. Na shiga wurin shugabanmu, Dakta Sani, na faɗa masa, na ce mu mayar da karan mu koma buntun shinkafa.

"Hajara, kin san buntu ba ya ba da mai kamar kara?"

"Na sani, yallaɓai. Amma shi ƙona shi ake yi, ba mai jiransa."

Sai ya miƙo mani makullin mota.

Da muka juye karan a gona, Baffa ya riƙa kiran shanun ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, masu cikin ya sa gaba. Na koma bayan mota na share hawaye.

Manmu ya ragu a shekarar, aka yi mana tsiya a ofis. Amma tun ranar ba na loda komai sai na tambayi mutanen gari wa ke ci daga gare shi. Shanun nan biyu sun haihu lafiya a Geza, Baffa bai tsallaka ko'ina ba.