Katakon Ishaya da Na Ba Masu Shara

Kwalaben giya sun dawo kwandon sharar ɗana Ishaya, kuma ni na jawo. Sai da na haura sittin na koyi riƙe biro a ajin zumuntar mata, don haka ba zan yi kwana-kwana ba. Tun ranar da abin ya faru, muryar kakata nake ji a kunnena.

A ƙauyenmu, can bayan Zonkwa, in an gama cin tuwon acca sai mu kewaye murhun Kaka Tani. Tana tura gwaza cikin toka, hayaƙin karan dawa yana sa mu hawaye. Ba ta da haƙoran gaba, ba ta kuma iya lallashi ba.

"Ku matso, 'yan banza, ga ta na ɗauko muku," haka take farawa. "Wanda ya yi gyangyaɗi, ni zan cinye gwazarsa."

Sauran tsofaffi sukan ba da labari a yi ta dariya. Nata kuwa, in ka ji shi, fita fitsari ma sai da rakiya.

Akwai guda da ta fi maimaitawa. Wai wani mutum ne uwarsa ta tsufa har jikinta ya fara ruɓewa. Ya goya ta ya kai wa wani masassaƙi a cikin kurmi, wanda yake sabunta mutum da itace. Masassaƙin ya cire mata ƙafafu da hannuwa da haƙarƙari, ya jera su a ƙasa, ya ce zai je neman itace, kada a taɓa ko ɗaya. Ya daɗe bai dawo ba. Wari ya tashi, ƙudaje suka taru. Mutumin ya ce uwarsa ba za ta zama abincin ƙuda ba, ya tara gaɓoɓin ya cinna musu wuta. Da masassaƙin ya dawo ya ga toka, sai ya ce, "To da me zan gwada?" Haka ya sassaƙa da ka. Tsohuwa ta tashi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, hannunta ba ya kai wa baki. Ta dubi ɗanta ta ce, "Wannan kuma wane ne?" Ta shige kurmi tana ɗingishi.

A nan Kaka takan buga sanda a ƙasa, ƙwas, ƙwas, har sai ƙaramarmu ta fashe da kuka.

Wata rana na ce, "Kaka, ai don yana sonta ne ya ƙona."

Ta ce, "Wa ya ce miki ba ya sonta? Ci gwazarki."

Yanzu ga ni a ƙasar waje, a wata unguwa da ake kira Taman Melati. Ishaya yana koyarwa a wata kwaleji a Setapak. Da matarsa Rifkatu ta rasu sai ya kama sha, shi ya sa 'yan'uwansa suka sa ni a jirgi. Na yi faɗa, na yi addu'a, bai bari ba. Abin da ya raba shi da kwalba wata tsohuwar mota ce da ya saya a hannun wani tsoho ɗan Sin. Motar ta girme ni. Ƙarfe ne a waje, amma ƙasusuwanta duk katako, kamar manyan motocinmu na da masu bodin katako. Ya kwance ta a rumfar gaban gida, ya ciro kowane katako, ya rubuta masa lamba da alli, ya jingina da bango. In ya taso aiki sai zarto. Wata takwas ban ga kwalba ba.

Sai ya tafi taro a wani gari, Penang. Ina shara na ga gara a jikin tsofaffin katakon, sun ruɓe, kana taɓawa gari yana zuba. A wurinmu itacen da gara ta shiga ba ya kwana a gida. Ta taɓa cinye mana rufin ɗaki ina da goyo. A nan ba a hura wuta a tsakar gida, maƙwabta za su kira hukuma, don haka na yi ta kwasa ina miƙa wa masu motar shara. Har karanta lambobin nake yi ina jin daɗin kaina, sha bakwai, sha takwas, har arba'in da ɗaya. Ban tsaya na ce wane mahaukaci ne yake sa wa shara lamba ba.

Ya dawo, ko jaka bai ajiye ba. "Mama, ina katakon da ke nan?"

"Na raba ka da gara."

Ya zauna a ƙasa da kayan ofis. "Da su nake auna sababbin, Mama. Motar nan ba ta da zane a ko'ina. Su ne zanen."

Da ya zage ni da ya fi mini. Ya gwada yanka guda biyu da ka, ƙofar motar ta ƙi rufuwa. Ya ja tamfol ya rufe motar. Kwana goma sha ɗaya, "ina kwana, Mama" kaɗai nake samu.

Ina yarinya na ɗauka Kaka haƙuri take koya mana. Ashe ba shi ba ne. Ruɓaɓɓen abin nan da ka ƙosa ka kawar, shi kaɗai ya san tsawonsa da faɗinsa. Kuma ba maƙiyi ne yake kawar da shi ba. Mai tsintsiya ce, wadda take ganin taimako take yi.

Jiya da hantsi na yaye tamfol ɗin da kaina. Ya fito yana warin abin da ya sha.

Na ce, "Mai lamba tara, da na rungumo shi, daga hammatata ya kai ƙarshen yatsata. Yana da lanƙwasa kamar ƙotar fartanya."

"Mama, ba a auna mota da hammata."

"To kawo abin da ya fi. Ni ce ta ƙarshe da ta ɗauke su."

Ya shiga ciki ya fito da tef ɗin awo, ya ce in miƙe hannu. Na san ƙofar nan ba za ta ƙara rufuwa kamar da ba, shi ma ya sani. Ya ce in tsaya cak, na ce a shekaruna babu abin da yake tsayawa cak. Ya riƙe mini gwiwar hannun da kansa, ya karanta, ya rubuta a bango.