Idon Aro

A layin duka ba wanda ya taɓa ganin Gaggawa ta cika kujera da zama. Kullum a bakin kujera take ɗosana jiki, ƙafa ɗaya na rawa, kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Ɗinkin labule ne sana'arta, a wani ɗan shago da ke manne da gidansu. Uwarta ce ta laƙaba mata sunan tun tana yarinya, don in aka aike ta, sai ta kai bakin ƙofa take juyowa ta tambayi me aka ce ta sayo. Ta girma, ta yi aure, ta aurar da 'ya'ya, hali yana nan. In mai kawo ɗinki ya tsaya kwatanta mata tagarsa, kafin ya gama ta sa almakashi a yadin.

Sai Allah ya haɗa ta da miji mai sanyin hali. Direban bas ne, ya yi shekaru yana bin hanya ɗaya, ba a taɓa jin ya ɗaga wa fasinja murya ba. Abin da ya fi so a duniya shi ne finafinan ban tsoro, amma ba masu jini da ihu ba. Irin waɗanda za a nuna maka ƙofa a rufe, ka yi ta kallo har shayinka ya huce, ƙofa tana nan a rufe.

"Ai daɗin ke nan," yakan ce mata. "Kafin abin ya fito, ke kin riga kin ƙera naki a zuci, kuma naki ya fi nasu muni."

"Ni kafin su buɗe ƙofar nan na ɗinke labulen falo guda," ta ce, ta yi shagonta.

Ciwon suga ne ya cinye masa idanu, a hankali, har ranar da ya miƙa makullin bas ya dawo gida. Ya shiga ɗaki bai sake fitowa ba sai don buƙata. Magana ta koma i da a'a. Gaggawa ta riƙa zarya tsakanin shago da ƙofar ɗakin, ta leƙa, ta koma, ta ɗinka layi ɗaya, ta sake leƙawa. Wata rana bayan abincin rana shirun gidan ya ishe ta, ta kunna ɗaya daga cikin finafinansa don kawai a ji motsi. Kiɗan ya fara, irin mai jan jijiyar wuya. Can ta ji muryarsa daga ɗaki.

"Maman yara, me suke nunawa?"

Ya fito yana lalubar bango, ya zauna. Tun daga ranar, wannan lokacin ne kaɗai yake fitowa, kuma shi ne kaɗai lokacin da yake magana kamar dā. Gaggawa ta san haka sarai. In ta rasa zaman nan, ta rasa mijin.

Finafinan da wani harshe ake yin su, sai rubutun fassara a ƙasa, don haka ita ce ido, ita ce baki. Matsalar kuwa, me za a faɗa?

"Yana tafiya a baranda. Yana tafiya. Baban yara, har yanzu tafiya yake. Ya tsaya. Yana kallon bango."

"Me ke jikin bangon?"

"Fenti."

In shirun ya yi tsawo sai ta ga kan mijin ya sunkuya, ta ce a ranta yanzu zai tashi ya koma ɗaki. Rannan sai bakinta ya riga ta: "Ga wata inuwa ta gifta ta bayansa." Ba wata inuwa. Amma mijin ya miƙe zaune, ya ce, "Na sani. Tun ɗazu kiɗan ke faɗa min."

Shi ke nan, hanya ta buɗe. Inda masu fim suka bar fili, Gaggawa ta cika shi. Ta sa yatsu a ƙarƙashin ƙofa, ta sa hoton bango ya juya ido. Abin da ya fi ba ta haushi ƙarshensu ne. A ja maka rai tun farko, sannan a fito da wani aljani na kwamfuta mai kama da akuyar da ruwa ya daka, ko a kawo wani tsoho ya zauna ya karanto maka bayanin komai kamar mai sanarwa a rediyo. Ita sai ta yanke, ta sa nata. Mijin ya riƙa yabon masu fim, wai kwanan nan sun koyi aiki. Ita kuma ta riƙa amsa yabon a madadinsu, tana gyara zama.

Ƙanen mijin ne ya ɓata shirin. Malamin makaranta ne, mai ilimi da rashin sanin lokacin yin shiru. Ya zo gaisuwa ya tarar da su a tsakiyar wani fim: wata mata ta kama haya a tsohon gida, kullum da safe sai ta ga kujerar ɗakin ta matso kusa da gadonta kaɗan.

"Ga tsohuwar nan ta zauna a kan kujerar," in ji Gaggawa. "Gashinta jiƙe, tana kallon mai barci."

Ƙanen ya kalli talabijin, ya kalle ta. "Matar yaya, wace tsohuwa?"

"Sha shayinka, mijina ƙarami."

"Yaya, wallahi kujera ce kawai. Na ga fim ɗin nan, ba tsohuwa a ciki daga farko har ƙarshe. Ke dai da kin ajiye keken ɗinki kin nemi aiki a wurinsu."

Ya yi dariya shi kaɗai. Gaggawa ta yi masa wani kallo da ya sa ya tuna yana da wani uzuri a gari.

Bayan ya fita, fim yana ta tafiya ba mai fassara. Mijin ya sa hannu ya lalubo kofinsa, bai sha ba.

"Tun yaushe?"

"Baban yara, gyara ne kawai. Su ne ba su iya ba."

"Me kuma kike gyara min?"

Bai jira amsarta ba.

"In kin ce rigata ba tabo, haka ne? In kin dawo daga kasuwa kin ce abokan aikina duk suna gaishe ni?" Muryarsa ba ta tashi ba. "Ni ba ni da wani ido sai naki. In shi ma yana min kwalliya, to ina zaune a duhu biyu."

Ya tashi, ya bi bango, ya shiga ɗaki.

Kwanakin da suka biyo baya, Gaggawa ta ɗinka wa wata mata labule a birkice, ta farke, ta sake ɗinkawa a birkice. Ta share falo da ba ya buƙatar shara. Ta kunna fim ta ƙure murya, ɗaki shiru. Ta kira ƙanen a waya ta wanke shi tas, ya ce shi gaskiya ya faɗa, ta ce ai shi ya sa ba a gayyatarsa ko'ina. Ta tsaya a ƙofar ɗakin da jawabi a baki, ta juya, ta dawo, ta sake juyawa.

A ƙarshe ta shiga ba jawabi. Yana zaune a bakin gado.

"Na mayar da fim ɗin kujerar nan zuwa farkonsa," ta ce. "Abin da ke ciki kawai zan faɗa. In ka yi barci, ba ruwana."

 Ya miƙo hannu ta kama.

Wannan zama shi ne aiki mafi wuya da ta taɓa yi. Ta danne gwiwarta da hannu don ƙafar ta daina rawa.

"Ɗaki ne. Gado, kujera, taga. Matar tana barci."

Kiɗa. Shiru.

"Sai me?"

"Ba komai. Kujera tana nan."

Inuwoyi da yatsu suka taru mata a maƙogwaro, ta haɗiye su. Ta zuba wa kujerar ido don ba ta da abin yi. Can sai ta ji bayan wuyanta ya yi sanyi. Kujerar ba ta motsa ba, amma ita ta fara rantsuwa a ranta cewa ɗazu ba nan take ba. Ta waiga ta duba kujerar falonsu.

"Kin yi shiru," ya ce.

"Ina kallo ne."

Ya ɗan yi murmushi.

Da ƙarshen ya zo ta faɗa masa yadda yake: wani tsoho ya zo da bayani, wai mai gidan na dā ne ya mutu a kujerar, aka fitar da ita waje aka ƙona, aka rubuta sunayen masu fim.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Duk jiran nan? Ai wannan cin amana ne. Da sun bar ta a ɗakin sun kashe fitila, da har yau muna tunaninta." Ya yi ta faɗa, yana kaɗa hannu, yana tsara yadda shi zai ƙare shi. Rabon da ta ji ya yi magana mai tsawon haka har ta manta. Ba ta katse shi ba, ko da yake sau da yawa ta ja numfashi za ta yi.

Da ya sauka, ya juyo da fuskarsa wajenta.

"To faɗa min. Wa ke tambayata da gaske?"

Gaggawa ta murza gefen zanenta. Sunaye da yawa suka zo mata, masu daɗin ji.

"Mai facin tayar nan na bakin tasha," ta ce. "Shi kaɗai. Amma shi kullum ne, har ya ishe ni."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ɗan jima yana gyaɗawa.

"Mutumin da muka yi ta faɗa a kan iskar taya," ya ce. "Gobe ki kai ni wurinsa. Kuma a hanya kar ki ja ni kamar buhu, tafiyata za mu yi."

"Da tafiyarka sai jibi mu isa."

"To mu fita da wuri. Duba min rigar nan, akwai tabo?"

Ta duba. "Akwai. Shayi ne, a ƙirji."

"Kawo wata," ya ce, ya fara ɓalle maɓallin.