Ranar da Kawu Iro Ya Ajiye Aska

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Iro ya san ba da hannu ɗaya yake gaisuwa ba. Na dama yana cikin naka, yana tambayarka gida da iyali da gajiya, na hagu kuwa ya riga ya zagaya ƙeyarka, ya bi bayan kunne, ya gangaro kafaɗa, yana lalube. Kai kana ta amsa lafiya lau, shi hankalinsa na can ƙarƙashin rigarka. In bai sami komai ba sai ya sake ka da ɗan ɓacin rai, kamar ka zo masa ziyara hannu rabbana. In kuwa yatsansa ya ci karo da ɗan ƙullutu, to ka shiga uku, don daga ranar ba ka da sauran sukuni.

Ƙanen mahaifiyata ne. Ku da kuka san shi kun fi saninsa da Iro Diresa, saboda a ƙaramin ɗakin tiyata na asibiti ya ƙare ƙuruciyarsa, yana wanke ciwo, yana ɗinki, yana cire irin ƙarin nan da ke fitowa ƙarƙashin fata, na kitse da mai ruwa-ruwa da 'yan tsiron wuya. Da ya yi ritaya sai wani likita ya ba shi ɗaki a ɗan asibitinsa da ke wajen Ƙofar Kaura, ya haɗa shi da wata nas, Sista Ladi, mutuniyar kudancin Kaduna, ita ke miƙa masa kayan aiki. Likita ke dubawa ya ce a cire, Kawu ya cire. Amma farautar masu ƙarin, wannan ba wanda ya sa shi. Yanzu da ba ya raye, in muka taru a zaure aka ɗauko labarinsa, da dariya ake farawa, can sai ka ga kowa ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma.

Wanda ya fi kowa shan wahalarsa shi ne Malam Haruna mai goro. Malam Haruna yana da ƙari a ƙeya, ya kai ƙwan agwagwa, kuma masallaci ɗaya suke salla da Kawu a unguwar Gobarau. Kawu ba ya tsayawa ko'ina sai a sahun da ke bayansa. Da bakinsa ya gaya mini sau da yawa ba ya sanin raka'a ta nawa ake, don da Malam Haruna ya yi ruku'u abin sai ya motsa, shi kuma sai zuciyarsa ta bi. Ya roƙe shi, ya lallashe shi, ya yi masa bayani cewa ƙarin da ke gudu ƙarƙashin yatsa, ba ciwo, ba tauri, kitse ne kawai ya taru, kuma kafin ya shanye kofin koko an gama. Malam Haruna ya ce tun yana saurayi yake tare da abinsa, bai taɓa tambayarsa abinci ba, kuma kakarsa ta gargaɗe shi kada ya bari ƙarfe ya taɓa wurin. Da abin ya ishe shi ya fara naɗa mayafi a wuya ko da zafi ake. Daga baya ya sauya masallaci. Kawu ma ya sauya.

Haka suka tsufa, ɗaya na gudu ɗaya na bi, har Allah ya yi wa Malam Haruna rasuwa da wani ciwo daban. Kawu ya nemi a sa shi cikin masu wanka, aka sa shi. Da ya fito ya zauna kusa da ni a kan tabarma, idanunsa jajawur. Can ya matso da bakinsa kunnena.

"Na taɓa shi hwa, Lawal. Kitse ne. Kitse ne zalla. Da ya bari."

Na cije leɓe don kada in yi abin kunya a wurin zaman makoki. Da na waiwaya sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ya yi makonni yana salla a gida, wai masallaci ya yi masa faɗi.

Wata ɗabi'arsa kuma, ba ya yarda a bar masa abin da ya cire. Sai ya naɗe shi a tsumma mai tsabta, ya sa a leda, ya miƙa maka, ya ce naka ne, kai ka yi kiwonsa, kai za ka je ka binne. Akwai wani ɗan kabu-kabu da aka cire wa ƙari a damtse, ya ga ledar ya ji ƙyama, ya faki ido ya bar ta nan ya hau babur ya gudu. Kawu ya tambayi gidansa, ya taka da ƙafa har can da la'asar. Bai same shi ba, sai ya yi sallama ya ce a miƙa wa matar gidan saƙon mijinta. Baiwar Allah ta taɓa ledar ta ji laushi, ta leƙo daga bayan ƙyaure tana ta godiya, wai Allah ya saka da alheri, dama yau miyarsu ba nama. Kawu ya gyara tsayuwa.

"Ɗiyata, wannan ba na miya ba ne. Hannun mijinki ne."

An ce sai da maƙwabta suka shigo da gudu saboda ihun da ta yi.

Lokacin da sojoji suka ce za su koma bariki, gabanin mulkin farar hula na casa'in da tara, gari ya cika da fosta. Kowane bango fuska ce. A unguwarmu akwai wani ɗan kasuwa, Alhaji Mamman, mai ƙullutu a tsakiyar goshi, wanda yaro da babba ba su san shi da wani suna ba sai Mai Ƙullutu. Ya fito takarar kansila. Kawu ya daɗe yana binsa yana ƙi, amma da maganar hoto ta taso sai ga shi da kansa a asibiti, yana cewa a yi maza. Kawu ya yi aikin da ya jima yana mafarki. Ya bi layin tamojin goshi ya tsaga, ya fiddo abin ɗungurungum da jakarsa don kada ya sake dawowa, ya yi ɗinkin da sai ka ƙura ido za ka gani. Aka ɗauki hoto, goshi sumul, aka rubuta cikakken sunansa na yanka a ƙasa.

Mutane suka riƙa tsayawa gaban fostar suna tambayar juna wane ne wannan baƙon da aka kawo musu. Tsofaffi suka ce su Mai Ƙullutu suka yi wa alkawari, wannan ba su san shi ba. Ko don haka ne, ko don wani dalili, Allah masani, Alhaji Mamman dai ya sha ƙasa. Ya zo har zauren Kawu yana huci, ya ce shi ya cuce shi, ya cire masa farin jininsa. Kawu ya bari ya gama, sannan ya ce:

"Alhaji, ai na ba ka abinka tun ranar. Ka je inda ka binne shi ka tono, ka tsai da shi takara. Shi aka sani."

Wannan ce dariya ta ƙarshe da na ga Kawu ya yi har da riƙe ciki.

Akwai irin ƙarin da ba ya yi wa wasa. In ya taɓa ya ji tauri, abu ya kafe ba ya motsi, sai fuskarsa ta sauya, ya kama hannun mutum ya kai shi gaban likita, ba zolaya. Irin wannan ne ya fito wa matarsa, Inna Binta, a nono. Ta ɓoye. Su biyu ne kaɗai a gidan, 'ya'yan da suka haifa duk sun koma tun suna ƙanana, amma ta yi ta ɓoyewa da zane da mayafi, don kunya da kuma tsoron askarsa. Mutumin da ya lalube wuyan rabin Katsina bai san abin da ke cikin ɗakinsa ba sai da ciwo ya hana ta barci. Aka kai ta babban asibiti, aka ce an makara. Ta rasu da bazara. Ban taɓa jin ya yi maganar ba, ko sau ɗaya. Ya dai daina zuwa aiki, ya zauna a zaure yana kallon ƙofa.

Mahaifiyata ce ta kira ni ta ce, ai kai ma kana da wani ƙari a bayanka da ya daɗe yana nema, ka je ka ba shi ya cire, ko Allah zai sa ya tashi. Gaskiya ne, ina da shi ƙarƙashin allon kafaɗa, kamar ƙwallon goruba, kuma na yi shekaru ina zille masa. A lokacin ina koyarwa a firamare, da mata da 'ya'ya, amma ganin allura kawai na sa ni gumi. Na je na same shi na ce abin ya fara damuna in na kwanta. Ya ɗago ya dube ni. Washegari sai ga shi ya yi aski, ya sa farar rigarsa ta aiki.

Likita ya duba ya ce a cire. Na kwanta rub da ciki a kan gadon, Sista Ladi ta goge wurin da magani mai sanyi, aka yi mini allurar kashe zafi, baya ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Ba na ganin komai sai ƙafafunsu da siminti. Sai na fara jin wata ƙara, siririya, ƙarfe na bugun ƙarfe. Na zaci fanka ce. Ashe aska ce a hannun Kawu take taɓa bakin tasar da ake ajiye kayan aiki. Ƙarar ta tsaya. Na ji ana jan fatata, ba zafi, sai numfashinsa da ya yi ƙarfi a kaina. Wani abu mai ɗumi ya gangaro ta haƙarƙarina. Na ji Sista Ladi ta danna auduga da sauri.

"Baba," ta ce a hankali. "Baba, kawo in riƙe maka."

Ku da kuka san shi kun san ba a taɓa masa aska. Akwai lokacin da ta ɗauke ta don ta gyara wurin kawai, ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta. Na kwanta ina jiran faɗa, bayana a buɗe. Sannan ya tambaye ni ko ina jin zafi, na ce a'a, Kawu.

"To Ladi za ta ƙarasa. So nike in ga ko ta koyi wani abu."

Na ga ƙafafunsa sun ja da baya zuwa benci. Ya zauna, ya cusa hannayensa tsakanin gwiwoyi ya matse. Da farko yana ba ta umarni, bi ta gefe, kada ki fasa jakar, ɗaure wannan jijiyar. Daga baya ya bar ta da aikinta. Ta fiddo abin, ta ɗinke, ta rufe da bandeji. Da na tashi zaune ya ƙi haɗa ido da ni. Ya cire farar rigar da ƙyar, ya rataye a ƙusa, ya ce shi zai riga mu gida.

Bai sake taka asibitin ba. Ashe rawar hannun ta daɗe da farawa, yana ɓoyewa cikin hannun riga. Likita ya ce ciwo ne da ke zuwa da tsufa, magani na rage shi amma ba ya raba mutum da shi. Ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati gari ya ɗauka da kiɗa da hon ɗin babura, ni kuwa ina zaurensa ina kallon koko na zuba a gaban rigarsa kafin ya kai baki. Na kai hannu zan taimaka, ya harare ni, na janye. Ya gwammace ya sha rabi ya zubar da rabi. In baƙi suka zo sai ya ce mura yake yi, kada su matso, don kada a miƙo masa hannu.

Wata rana da damina, ya riga ya kwanta sosai, ya ce in juya in ɗaga riga. Na durƙusa gaban gadonsa na ba shi baya. Ya daɗe yana kallon tabon. Na ji yatsansa na karkarwa a kan fatata, daga sama zuwa ƙasa.

"Wannan karkataccen na sama nawa ne. Daga nan zuwa ƙasa nata ne." Ya numfasa. "Ta hi ni hannu, Lawal. Amma kada ka gaya mata. Kanta zai kumbura, kuma ba mai cire mata."

Kafin a yi girbi ya rasu, da hantsi, mahaifiyata na zaune kusa da shi. Sista Ladi ta zo gaisuwa ta zauna cikin mata da gyalenta har yamma. Da ta fito za ta tafi na raka ta bakin titi, na gaya mata abin da ya ce, har da gargaɗin. Ta fara dariya, sai dariyar ta ƙwace mata ta koma kuka, ta rufe fuska da gyale tana cewa Baba, Baba. Mai babur ya tsaya yana jira, ba ta hau ba sai da ta share ido.

Allah ya jiƙan Kawu Iro, ya gafarta masa kurakuransa. Allah ya sa zafin da ya ɗauke wa bayinsa ya zame masa sanyi a kabari, ya haɗa shi da Inna Binta da 'ya'yansu a gidan da ba ciwo. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.