Ɗan Mai Agogo da Hoton da Ya Makara

Yayana a shagon Baba ya tashi, wani ɗan lungu mai tebur ɗaya da fitila, inda Baba ke maƙala gilashi a ido yana gyaran agogo. Kafin ya rufe kowane agogo sai ya kai shi baki ya hura, fuu, ƙura ta fita. Yaya ya kwashe wannan ɗabi'a tun yana ɗan mitsitsi. Ko cokali sai ya hura kafin ya ci abinci, har Inna ta gaji da faɗa.

Da ya shiga digiri na uku muka fara ce masa Dakta, rabi tsokana rabi fata. Wai nano yake karanta, ilimin ƙera abubuwan da ido ba ya gani saboda ƙanƙanta. Nasa wani siririn shafi ne da ake shimfiɗawa a kan ɗan gilashi, wai wata rana zai tace ruwan sha. Ni kam na ce, mutum da gemunsa, shekara da shekaru yana dafa babu!

Baba bai taɓa taya ni dariya ba. "Ƙananan abubuwa ai gadon gidanmu ne," in ji shi. "Kai dai kawo mini in gani da idona."

To, a nan gizo ke saƙa. Ba a ganin abin sai wata na'ura ta ɗauki hotonsa, ita ɗaya tak ce a jami'ar, layinta kuwa na watanni ne. Idon Baba kuma yana tafiya. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, saura ma yana hanya. Baba ya bar agogon hannu ya koma na bango, daga baya ya bar duka. Amma kullum Yaya ya shigo sai ya tambaya, "Dakta, layin ya zo?"

Layi ya zo. Ɗakin aikinsu ba a shigarsa sai an rufe jiki ruf, da safar hannu da takunkumi, don ko numfashi ɓarna yake yi. Yaya ya buɗe akwatin gilasan da ya shimfiɗa shafin a kansu, tabaraunsa suka yi hazo, ya ɗan sauke takunkumin ya goge. Sai ya hango wani silin zare a kan gilasan. Kafin hankalinsa ya iso, baki ya riga shi. Fuu.

Danshin bakinsa ya cinye aikin watanni. Mai kula da na'urar ta riƙe kai ta ce, "Me ka yi haka?" Da Yaya ya ba ni labari a bakin ƙofa, don kada Baba ya ji, wallahi sai da na so in mare shi, sai kuma na fashe da kuka. Wa zan zaga? Daga ranar ban sake ganin ya hura cokali ba.

Baba muka ce masa na'ura ce ta lalace. Yaya ya fara daga farko, ya rame, ya daina hira, ya sake bin layi. Ya samu hoton, ya samu digirin, yanzu koyarwa yake. Amma ranar da ya shigo da takardar hoton, Baba ya riga ya koma gane mu da murya.

"Ga shi, Baba," in ji Yaya, ya durƙusa ya sa masa a hannu.

Baba ya shafa takardar sama da ƙasa. Ya ɗaga ta wajen taga, ya matso da ita har tana taɓa hancinsa. Ya daɗe a haka.

"Kamar akwai ƙura a kai," in ji shi.

Ya kai ta baki ya hura, fuu, ya sake ɗagawa. Yaya ya miƙe ya fita, ko takalmi bai tsaya sawa ba.