Ban Jiya Ba, Malam

Duk Shinkafi an san Tsoho Nagoggo tela ne, kuma an san ranar Asabar da Lahadi ko rigar ango ka kawo ba zai taɓa keke ba. Tabarmi yake shimfiɗawa a zaurensa, ya koya wa 'yan sakandare lissafi kyauta. Mutane na ta sa masa albarka. Shi kuwa ya san ba lada kaɗai yake nema ba.

Shekara talatin da suka wuce, a firamaren Katuru, akwai wani Malam Namadi da ke karanta sakamakon jarrabawa daga ƙasa, a gaban makaranta duka. Kullum da Tsoho ake buɗe taro. Malam zai sa shi ya faɗi matsayinsa da bakinsa, sannan ya kama kunne ya ce, "Ban jiya ba, Na-Baya, ƙara faɗi!" Har sau uku, yara na faɗuwa don dariya. Sunan ya bi Tsoho har gidan surukai.

Haushin nan ne ya sa shi, da gemunsa da 'ya'ya biyu, ya koma ya zauna jarrabawa tare da sa'o'in ƙannensa, ya ci lissafi. Sai ya buɗe zaure, ya zauna jira kamar mai tarkon kurciya.

A shekara ta shida kurciya ta faɗo. Zulaihat ce, jikar Malam Namadi, wadda lissafi ya kayar sau biyu, ga ta tana son karatun jinya. Tsoho bai taɓa yi mata tsawa ba. Da tef ɗin awo da ƙyallayen atamfa ya koya mata kashi da kusurwa, har ta ci da kyau.

Al'ada dai ba ta barin mutum: wanda ya koyar da ɗiyarka, sai ka taka ka yi godiya. Ranar wata Asabar, zaure cike da ɗalibai, sai ga Malam Namadi da sanda da ƙullin goro. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a bakin tabarma.

"Na-Ba…" Ya haɗiye sauran sunan. Ya yi ƙasa da murya. "Malam Tsoho, mun gode."

Tsoho ya ajiye alli a hankali, ya kama kunne.

"Ban jiya ba, Malam."

"Malam Tsoho, mun gode."

"Wanga keken ɗinki ya kashe min kunne. Ƙara faɗi."

Malam Namadi ya dube shi, ya gane. Ya gyara zama, ya ɗaga murya har masu shayi a waje suka waiwayo: "Malam Tsoho! Na gode, ɗan nema!"

"To, yanzu na jiya," in ji Tsoho. Ya karɓi goron, ya zaɓi mafi girma ya ɓare, sannan ya juya ga allo. "Ina muka tsaya?"